Masu Ceto Kiɗan Fiyano a Jushi da Sabon Gari

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai fiyano a gidan biki a Jushi, ko a coci ranar Lahadi a Sabon Gari, ya san yatsu goma ba su isa su fitar da abin da kunne ke ji ba. Ga ganga, ga kalangu, ga jitar bes tana bi ta ƙasa, ga sarewa tana ratsawa, alhali mutum ɗaya ne tsaye gaban na'urar. Sauran makaɗan suna cikin wasu 'yan ƙananan fayiloli da ya ajiye a filash, ko a katin memori, ko a tsohon faifan fulofi. Ranar da fayilolin nan suka ɓace, fiyano na nan lafiya lau, makaɗi na nan da gwanintarsa, amma wasa ya tsaya. A irin wannan rana ake cigiyar mai ceto fayil.

Sana'a ce da ba ta da allo a ƙofar shago. Wani mai gyaran waya ne da ya ƙara wannan a kan aikinsa. Wani mai tura waƙoƙi da finafinai ne a bakin titi. Wani yaron situdiyo ne, wani kuma shi kansa makaɗin coci ne da asara ta koya wa hankali har ya zama gwani. Makaɗa sun san su, kuma baki da baki ake kai musu aiki. Jarinsu bai wuce kwamfutar cinya ɗaya ba, da na'urar karanta kati, da tsohon injin karanta fulofi mai igiya, da 'yan sukudireba, da kwalbar sifirit. Babban jarin kuwa yana cikin kai da kunne.

Ba banza wannan aiki ya sami gindin zama a wannan ɓangare na Zariya ba. Sabon Gari ya tashi ne da zuwan jirgin ƙasa a farkon mulkin Turawa, ya tara baƙi daga kudu da tsakiyar ƙasar nan, kowa da cocinsa da salon waƙarsa. Ga barikokin soja a kusa. Ga Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke zaune tun 1962, da dubban ɗalibai masu ƙungiyoyin addu'a da bukukuwan kammala karatu. Ga kuma Hausawan Jushi da Muciya da Cikaji da Dogarawa, masu biki da suna da Maulidi da taron siyasa. Mawaƙin yabon Annabi da shugaban mawaƙan coci ba sa haɗuwa a wurin ibada, amma sukan haɗu a benci ɗaya suna jiran mutum ɗaya ya buɗe musu filash.

Yadda fiyano ya kama gari

Kafin shekarun 1990, wanda ke son kiɗa a bikinsa sai ya nemo makaɗa da kayansu. Mamman Shata yana da 'yan kalangu da 'yan amshi, Barmani Choge ta Funtuwa tana da masu kiɗan ƙwarya, Ɗanmaraya Jos yana da kuntiginsa. Da finafinan Hausa suka kankama a Kano bayan fitowar Turmin Danya a 1990, sai situdiyo irin na Iyan-Tama suka rungumi fiyanon Yamaha samfurin PSR, mai iya kwaikwayon kayan kiɗa iri-iri. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce a kan yadda wannan na'ura ta zama ginshiƙin waƙoƙin fim. Zuwa lokacin da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999, kiɗan fiyano ya riga ya shiga kunnen matasan Arewa, daga nan ya bazu zuwa waƙar biki, da ta siyasa, da ta talla, da ta bege.

Sai dai kamfanin Yamaha na Japan bai ƙera fiyanonsa don rawar Hausawa ba. Ya zo da kiɗan Turai da na Amurka da na Latin, babu takun kalangu, babu na amada, babu irin gangar da Zumuntar Mata ke rawa da ita a coci. Makaɗanmu ne suka zauna dare da rana suna ɗora bugu a kan bugu, suna zaɓo sautin da ya fi kusa da namu, har suka gina abin da suke kira sitayil, wato shimfiɗar kiɗa mai maimaita kanta tana bin duk inda hannun hagu ya nufa. Sitayil ɗin Yamaha yana ɗauke da sassa takwas: ganguna biyu, da bes, da masu riƙe amo, da masu yi masa ado. Yana da mabuɗi, da salo huɗu na tsakiya da makaɗi ke sauyawa yayin da rawa ke zafi, da 'yan juye-juye, da marufi. Wanda ya gina guda mai kyau ya san bai same shi a sama ba. Da shi ake gane shi, da shi yake ci da iyalinsa.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar fayil ɗin. Babu sauti a cikinsa ko kaɗan, umarni ne zalla: danna wannan maɓalli da ƙarfi kaza, riƙe shi tsawon kaza, yi amfani da muryar sarewa. Wannan tsari shi ne MIDI, wanda kamfanonin kayan kiɗa suka amince da shi a 1983, suka kuma ƙara daidaita shi a 1991 da jerin muryoyi 128 da layuka 16, na goma a cikinsu na ganguna. Shi ya sa faifan fulofi mai ɗaukar megabait 1.44, wanda ba zai iya riƙe waƙar MP3 guda ta minti huɗu ba, yakan ɗauki kiɗa da dama. Aikin shekaru na mutum ɗaya yana iya shiga aljihun riga, yana kuma iya salwanta cikin ƙiftawar ido.

Hanyoyin asara

Masu wannan sana'a sun san hanyoyin da kiɗa ke bi ya ɓace kamar yunwar cikinsu. Ta farko ita ce wuta. Makaɗi ya yi awa biyu yana ɗaukar waƙa, bai danna ajiya ba, aka ɗauke wuta ko janareta ya shaƙe. Wannan kam ta tafi, babu gwanin da zai dawo da abin da ba a taɓa rubutawa ba. Idan kuwa ana tsakiyar ajiya wutar ta yanke, fayil ɗin kan fito rabi, wani lokaci ma ya ja filash ɗin gaba ɗaya ya ƙi buɗewa.

Ta biyu ita ce yanayin garinmu. Ƙurar hunturu na shiga bakin injin fulofi ta zauna a kan allurar karatu. Laimar damina na sa faifan ya yi fumfuna. Sannan da yawa ba su san cewa faifan fulofi da maganaɗisu aka rubuta shi ba, sai su ɗora shi a kan lasifika, wadda ita ma babban maganaɗisu ne a cikinta.

Ta uku hannun mutane ce. Yaro ya ari fiyano ya ga ya rikice, ya mayar da shi saitin kamfani, duk abin da ke ajiye a cikinsa ya goge. Wani ya kai filash ɗinsa shagon buga takardu, ya dawo da bairos mai ɓoye fayiloli. Wani ya sayi filash na jabu a hanya, an rubuta masa girman da bai kai ba, yana ta zuba kaya, na baya na cinye na farko bai sani ba.

A kan tebur

Makaɗi yakan shigo da gumi a goshi, ya ce, "Oga, don Allah ka taimaka, ranar Asabar ina da wasa, komai nawa yana cikin nan." Gwanin ba ya fara taɓa kwamfuta sai ya yi tambaya biyu. "Ɗan'uwa, ka saka wani abu a ciki bayan sun ɓace? Ka danna fomat?" Amsar waɗannan ita ke nuna ko akwai sauran fata.

Dalili kuwa shi ne, idan aka goge fayil a filash ko fulofi, ba a share shi nan take. Kamar ɗakin haya ne da mai gida ya soke sunan mai shi daga littafi: kayansa na nan a ciki har ranar da sabon ɗan haya zai shigo. Duk sabon abin da aka ajiye yana iya faɗawa kan wurin tsohon ya binne shi. Don haka abu na farko da gwani ke yi shi ne ya ɗauki kwafin filash ɗin gaba ɗaya, da inda ke da kaya da inda ake ganin babu, ya ajiye na asalin a gefe, ya yi aiki a kan kwafin. Idan kwamfuta ta nemi a yi fomat kafin ta buɗe, ba ya yarda.

Idan bairos ne mai ɓoye fayiloli, aikin da sauƙi. Kayan na nan, lulluɓe su kawai aka yi, umarni ɗaya ke yaye lulluɓin. Idan goge su aka yi, sai ya ɗauko manhaja irin Recuva ko PhotoRec ta bi filash ɗin lungu-lungu. Kowane fayil ɗin MIDI yana farawa da haruffa huɗu, MThd, kuma sitayil ɗin Yamaha ma da su yake farawa, don haka akwai alamar da za a bi. Matsalar ita ce sau da yawa fayilolin kan dawo babu sunayensu, sai lambobi zalla. A nan ne ake bambance mai danna kwamfuta da mai sana'a. Sai su zauna shi da makaɗin, a loda ɗaya bayan ɗaya a fiyano, a saurara. "Wannan na amarya ne." "Wannan wanda nake buɗe Maulidi da shi ne." "Wannan ya karye, bes ɗinsa ba ya bin hannu." Wanda ya karye ɗin galibi ya rasa ɓangaren ƙarshe ne, inda aka rubuta yadda kowane sashe zai bi hannun hagu, kuma mai kunne da haƙuri yana iya sake gina shi a cikin fiyanon.

Faifan fulofi ya fi buƙatar lallami. Gwani yakan ja ƙarfen bakinsa, ya juya baƙin faifan da ke ciki a gaban haske yana neman tabo ko ƙarzuwa. Yakan buɗe ɗan makullin kusurwa mai hana rubutu, don kada a ƙara ɓarna. Ya goge allurar injinsa da auduga da sifirit, ya gwada. In wannan injin ya ƙi, ya gwada wani, domin faifan da ya gagari inji ɗaya yakan buɗe a na biyu. Da ya buɗe kuwa ba a tsayawa hira, a kwashe komai nan take, don mai yiwuwa ba zai sake buɗewa ba.

Daga tsoho zuwa sabo

Ceto rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne ƙaura da kiɗa daga wannan fiyano zuwa wancan, kuma ya fi yawa. Yawancin fiyanon da ke hannun makaɗanmu na hannu ne, waɗanda aka shigo da su ta Legas, don haka zamani uku ne ke aiki tare a gari ɗaya. Akwai masu fulofi irin PSR-2000 da PSR-2100. Akwai PSR-3000 na 2004, mai katin SmartMedia wanda girmansa bai taɓa wuce megabait 128 ba. Akwai kuma masu filash, daga PSR-S900 zuwa S970, har SX900 da ya fito a 2019. Ga masu Korg da Roland a gefe, kowane da nasa tsarin.

Mai tsohon fiyano da ba ya son rabuwa da shi yana da mafita. Kamfanin Sony ya daina ƙera fulofi a 2011, sabon faifai ya yi wuyar samu, don haka ake cire injin fulofin a sa wata 'yar na'ura a gurbinsa, wadda aka fi sani da Gotek. Tana da bakin filash, da maɓallai biyu, da ɗan allo mai nuna lamba. Kowace lamba faifai guda ce a wurin fiyanon, shi bai san an sauya masa komai ba. Sai dai filash ɗin da aka shirya wa wannan na'ura ba a soka shi a kowace kwamfuta, domin sau da yawa faifan farko kaɗai take gani, kuma in aka yi kuskuren fomat, sauran duk sun tafi. Gwani na ƙwarai yakan rubuta wa makaɗi jerin lambobin a takarda, ya ja masa kunne a kan haka.

Mai komawa sabon fiyano kuwa yakan ɗauka da an kwafa an gama. Ya loda sitayil ɗinsa, sai ya ji inda ya sa kalangu wani ƙarfe ke ƙara, sarewarsa ta koma wata aba dabam. Umarnin bai sauya ba, mai karɓar umarnin ne ya sauya. Dole a bi sassan ɗaya-ɗaya a sake zaɓar murya, a daidaita ƙarfin kowane, a mayar da kowane bugu kan gangar da ta dace. Komawa baya ya fi wuya. Sitayil ɗin da aka yi a sabon fiyano yakan ƙi buɗewa a tsoho, ko ya buɗe da wasu ƙararraki marasa kan gado, saboda yana kiran muryoyin da tsohon bai da su. Wasu tsofaffin kuma ba sa karanta suna mai haruffa fiye da takwas, wasu ba sa karɓar waƙar MIDI sai an haɗe layukanta wuri ɗaya. Tsakanin Korg da Yamaha kuwa, sitayil ba ya tsallakawa kai tsaye, sai an warware shi an sake ɗinkewa. Sababbin samfura sun zo da damar zuba musu sautin kayan kiɗa na gaske da aka naɗa, kuma wannan ya buɗe wa masu sana'ar wata ƙofa, domin yanzu ana iya sa wa fiyano muryar kalangu ta ainihi.

Babu makarantar da ke koyar da wannan duka. Yaro yakan fara da ɗaukar lasifika da naɗe waya a bayan ubangidansa, ya koyi kiɗa, ya koyi kwamfuta a wani wurin, sauran ya tsinta a YouTube da wurin abokan sana'a. Kasuwar kuma da lokacinta. Tana zafi gab da azumi da bayan salla lokacin da bukukuwa ke yawa, da watan Maulidi, da Kirsimeti da Ista, da kakar zaɓe. Ladan aiki ciniki ne, kuma sau da yawa ba ya kai darajar abin da aka ceto.

Amana

Abin da ya fi damuna a wannan sana'a ba na'ura ba ce. Wanda ya buɗe filash ɗin mutum ya ga cikinsa. Ya ga waƙar ɗan takara da ba a saki ba, ya ga sitayil ɗin da aka kwana ana gini, wani lokaci har da hotunan iyali. Kwafa ba ta ɗaukar minti ɗaya, kuma mai kayan ba zai ga giɓi ba. Sai wata rana ya je biki ya ji kiɗansa na tashi daga fiyanon wani, ko ya tarar ana sayar da shi a WhatsApp cikin tarin wasu. Makaɗa da yawa sun gwammace su haƙura da asara a kan su miƙa filash ga wanda ba su yarda da shi ba.

Ba kowace musaya ce sata ba. Makaɗan coci suna ba juna, abokai suna ba juna, ubangida yana ba yaronsa ranar da zai sallame shi, kuma da haka kiɗan fiyano ya bunƙasa. Bambancin yana wurin izini. Makaɗan gargajiya sun san wannan tun da daɗewa, yaro ba ya fita da kiɗan gidansu sai da albarkar maigida. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana nan, amma da wuya mai fiyanon unguwa ya kai ƙara kotu a kan fayil. Abin da ke tsare shi shi ne mutuncin wanda ya ba aiki. Gwanin da ke goge kwafin a gaban mai shi bayan an gama, ko ya tambaya kafin ya riƙe, shi ne wanda sunansa ke yawo a bakin makaɗa daga Jushi har Samaru, kuma shi ne wanda ke daɗewa a sana'ar.

Akwai wata amanar da ta fi wannan girma, wadda ba a ɗora wa kowa ba. Waƙoƙin Shata sun iso mana ne saboda gidajen rediyo da kamfanonin faifai da masu kaset sun adana su. Kiɗan fiyano kuwa ya kusa shekara talatin yana raka aurenmu da ibadarmu da siyasarmu, amma asalin gininsa yana warwatse a faya-fayan da ke ruɓewa a akwatuna. Waƙar da aka naɗa tana nuna abin da aka ji. Fayil ɗin kuwa yana nuna yadda aka yi: wane bugu aka fara ɗorawa, da wace muryar Bature aka maye gurbin kalangu, yadda makaɗin Zariya ya bambanta da na Kano. Mai nazarin kiɗan Hausa nan gaba zai nemi wannan, kuma a yau masu ceto fayil ne suka fi kowa riƙe da shi.

Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe da sanin darajar adana abin da mutane suka bari. Tana da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, tana da shirin binciken tarihin Arewa da ya tattara tsofaffin rubuce-rubucen hannu, tana da Arewa House a Kaduna, tana da masu nazarin harshe da al'adun Hausa. Filash guda mai gigabait 8 yana ɗaukar abin da faifan fulofi fiye da 5,000 za su ɗauka, don haka ba kuɗi ne cikas ba. Abin da ake bukata shi ne ɗalibai su sauko Sabon Gari da Jushi, su zauna da waɗannan gwanaye da makaɗan da suke yi wa aiki, a karɓi fayilolin da yardar masu su, a rubuta sunan wanda ya gina kowane kiɗa, da shekarar, da irin fiyanon. Masu sana'ar sun iya fito da kiɗan daga faifan da ya lalace, amma sunan maginin ba ya cikin fayil, yana bakin mutanen da suka san shi. A yi aikin tun suna raye.